Karfasa Bakwai da Sharaɗin Baba

Litinin, 13 ga Oktoba, 1975

Takardar Kainji ta zo yau. Sun ɗauke ni ƙaramin jami'i a sashen binciken kifi. Suna son amsa a rubuce ta isa hannunsu kafin Juma'a, 12 ga Disamba, in ba haka ba su ba wani. Na karanta sau huɗu. Na duba hatimi, na duba suna. Uwaisu ne, ba kuskure.

Ban nuna wa Baba ba tukuna. Shi tun ina bautar ƙasa ya gama magana da amininsa Alhaji Abdulwahid, mai kamfanin fito da kaya a Apapa, zai ɗauke ni aiki. Tebur, fanka, mota bayan shekara. A ganinsa magana ta ƙare.

Da safe wata ta sake mutuwa. 'Yan karfasa goma sha biyu na kamo a rafin bayan Iju ranar 2 ga wata, tsawonsu santimita bakwai zuwa tara. Yanzu saura bakwai. Akwatin gilashin da na zuba su ciki tsawonsa 90, faɗi 38, zurfi 40, ruwan ciki kamar lita 120. Zafi 27. Ruwa garau, har ana karanta jarida ta cikinsa. Ban san abin da ke kashe su ba, kuma a duk layinmu ni kaɗai ne mai digiri a ilmin dabbobi.

Talata, 14 ga Oktoba

Na nuna masa bayan la'asar, da ya dawo daga mayanka ya yi wanka. Na karanta, na fassara. Ya tashi ya nufi ɗakina, ina bin sa a baya, ya tsaya gaban gilashin ya goya hannu.

"Nawa ka kawo?"

Na ce sha biyu.

"Nawa ne nan?"

Ai yana gani.

Ya ce shekara talatin yana karɓar shanu daga taragon jirgi a nan Agege. In ɗan rakiya ya taso daga Nguru da sha biyu ya iso masa da bakwai, ko akuya ba ya sake ba shi. Sai ya tambaye ni girman tafkin Kainjin da nake ta faɗa. Na ce murabba'in kilomita dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Wawa, me ya kai ni? Ya dubi gilashin, ya dube ni.

Sharaɗin ga shi, yadda ya faɗa: kwana arba'in a jere, ba wadda za ta mutu. In na cika, in tafi da albarkarsa. In ɗaya ta mutu, a koma kwana ɗaya. In lokacin takarda ya ƙure ban cika ba, Apapa, kuma ba zai sake jin maganar kifi ba sai a miya.

A bakin ƙofa ya juyo. "Rai ka kulle a kwalba, Uwaisu. Za a tambaye ka."

Ba zan tafi ba da yardarsa ba. Wannan ba ya cikin lissafi. Saboda haka sai in cika.

Laraba, 15 ga Oktoba

Kwana 1.

Na ba kowace lamba, 1 zuwa 7, bisa tsawo. Matatar da nake da ita ɗan akwatin roba ne a kusurwa, cike da auduga da gawayi, famfon iska na wuta yana jan ruwa ta cikinsa. Da can sau ɗaya nake tafasa audugar a rana. Daga yau sau biyu, safe da yamma. Tsakuwar ƙasa a kwashe a wanke da ruwan zafi duk kwana uku. Ruwan famfo sai ya kwana biyu a duro maganin ciki ya fita. Datti ba zai sami wurin zama ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Labari ya kai mayanka. Yaya Ƙasimu ya shigo da ƙarnin jini a riga, ya ce abokan aikinsa suna gaida Sarkin Ruwa, suna tambaya nawa suka rage a rundunar.

"In sun ƙi zama, Dakta, ka miƙa wa Inna. Duka bakwai ɗin ba su cika ludayi ba, amma da barkono za su yi."

Na yi dariya don kada ya ji daɗi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Lamba 7 ta mutu, ƙarfe shida da kwata na safe. Tun jiya duk suna saman ruwa suna buɗe baki.

Na kira Baba da kaina. Ya sa hannu ya ɗebi ruwan, ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana. Ya ce launi bai sauya ba, wari babu, ɗanɗano lafiya. "Wannan ko alwala na yi da shi ta yi. To me ya kashe ta?" Na ce ban sani ba. Shekara uku a Zariya, na tsaya gaban mahauci na ce ban sani ba.

Ya ɗauki gawar a tafin hannu ya fita da ita. Ban tambaye shi ba.

Saura shida. Gobe a koma ɗaya. Kwana na arba'in zai faɗo Alhamis, 27 ga Nuwamba. Wasiƙa zuwa can tana iya cin mako. In aka sake wata mutuwa bayan ƙarshen makon gobe, shi ke nan.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Kwana 1, karo na biyu.

Na zazzage akwatin littattafaina na sami 'yar kwalbar ruwan gwajin amoniya da na taho da ita daga makaranta. Ɗigo uku a ruwan duro: fari. Ɗigo uku a ruwan kifi: rawaya mai duhu, kamar shayi. Na sake sau biyu. Haka.

Ashe guba ce, gubar da ke fita daga jikinsu da kashinsu. Ba launi, ba wari. Ruwan ya halatta a yi alwala da shi, amma su ba alwala suke yi ba, numfashi suke da shi. Wannan ban gaya wa Baba ba.

Zan riƙa canza kashi ɗaya cikin uku kullum. Wannan jinkiri ne kawai. Matatar ba ta aikinta. Sai an sake wata.

Talata, 21 ga Oktoba, kwana 3

Na shiga Ikko. Danfo, ƙaramar bas, zuwa Oshodi, daga nan moluwe, babbar bas, a tsaye, sa'a biyu da minti goma. Shago ɗaya ne aka kwatanta mini mai sayar da kayan kifin ado, na wani Bayarabe mai ƙaton tumbi da ke kirana Oga Malam.

Iri uku ya nuna mini. Akwai irin tawa ta kusurwa, ya ce ta 'yan koyo ce. Akwai faranti mai ramuka da ake shimfiɗawa a ƙasa a rufe da tsakuwa, iska tana ɗaga ruwa ta bututu, ruwan sama yana ratsa tsakuwar yana sauka. Bai ma so ya sauko da ita daga kanta ba. Sai ta uku, wadda ya goge da hannun riga kafin ya ajiye: gwangwani rufaffe mai injinsa, a waje yake zama, ya zuƙi ruwa ya tace ya mayar. Daga Jamus. Ita kaɗai ta rage, sauran suna cikin jirgi a bakin teku, sun bi layi bayan jiragen siminti tun watan Yuni. Ya ce manyan Ikoyi duk ita suke saye.

Gaskiya raina ya biya. Tana da kyau, tana da ƙarfi, kuma in Baba ya ga inji zai san da gaske nake.

Sai na buɗe littafina. A kwana goma sha huɗu da suka wuce an ɗauke mana wuta sau tara, mafi tsawo sa'a bakwai. Na ce masa, in wuta ta tafi sa'a bakwai, ruwan da ke kulle cikin gwangwanin nan ba iska, ba zai ruɓe ba? In ta dawo, ba cikin kifin zai juye shi ba? Ya ce in sayi janareta.

Ban sayi komai ba. A hanyar dawowa wani abu yana ta damuna: dukansu uku datti suke tarewa. Nawa ruwan ba datti. To wace ce ke cire abin da ba a gani?

Laraba, 22 ga Oktoba, kwana 4

Shida. Lamba 4 tana kwanciya a gefe, ta tashi. Ban yanke shawara kan matatar ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, kwana 5

Bari in rubuta bi da bi.

Da hantsi ina tsugune a madafa ina tafasa audugar a kan risho. Inna tana gefe tana haɗa kindirmon furar Baba. Madarar gari take damawa, tunda nonon kirki wuya yake a nan. Ta ce wai me nake dafawa kullum da ba a ci. Na yi mata bayani, na ce tsabta ce. Don in nuna mata, na ɗauki ƙwaryar nononta na ce ita ma wannan ya kamata a sa mata sabulu da ruwan zafi, dubi yadda cikinta ya yi.

Ta fizge kamar na ɗauki jariri ta ƙafa.

"Kai Auta, ka rufa mini asiri! Ƙwaryar nono ake sa wa sabulu? In ka kashe ta, da me zai kama?"

Na ce kashe me?

Ta ce ita dai ba ta san sunansa ba, ba ta yi boko ba. Abin da ta sani, sabuwar madara a sabuwar ƙwarya ruwa ce kawai, ko ta kwana uku sai dai ta lalace. Sai an zuba ludayi ɗaya na tsohon, a rufe, a ƙyale shi. "A ƙyale shi, ka ji? Ba a yi ta buɗewa ana leƙe ba."

Na bar audugar a wuta na ruga ɗaki. Littafin darasi na shekara ta biyu, shafi na 61, da rubutun hannuna: ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa da ke cin amoniya su mai da ita wani abu, wasu kuma su ci wannan su mai da shi gishirin da ba ya cutarwa sosai. Suna zaune a jikin tsakuwa da duk abin da ruwa mai iska ke ratsawa. Suna jinkirin yaɗuwa, mako uku zuwa shida. Na ci jarrabawar nan da maki 78. Na rubuta ta a kan gona, ban taɓa kawo ta cikin gilashi ba.

Ba audugar ce matata ba. Gidansu ce kawai. Tun 2 ga wata nake tafasa ma'aikatana kullum, kwanan nan ma safe da yamma, ina yaba wa kaina.

Shida na kashe. Ni.

Tukunyar ta ƙone, Inna ta yi faɗa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, kwana 6

Na yanke. Ta ƙarƙashin tsakuwa. Dalili: duk tsakuwar ƙasan ta zama gidansu, fili mai yawa ke nan fiye da audugar da ba ta cika tafin hannu ba. Ba a kulle take ba, in wuta ta tafi ba ta ruɓa da wuri. Iska kawai take so, iska kuma ko da baki ana hurawa. Ta kusurwar ma ta zauna, amma ba mai sake tafasa ta. In ta toshe, a ɗauraye ta a ruwan akwatin, a mayar.

Farantin shagon bai kai tsawon akwatina ba. Zan yi da kaina.

Asabar, 25 ga Oktoba, kwana 7

Na yanka kwanon rufi na roba daidai ƙasan akwatin, na huda da ƙusa mai zafi, rami 312. Bututu biyu a kusurwoyin baya.

Sannan na je Iju na ɗebo ludayin tsohon kindirmona: bokiti ɗaya na tsakuwa daga daidai inda na kamo su, inda ruwa ke gudu. Da santsinta, da ruwanta. Ban wanke ba. A danfo wata mata ta ja zanenta ta yi mini Yarabanci mai tsawo, na yi kamar ban ji ba.

Na kwashe kifin a baho minti arba'in da biyar, na shimfiɗa, na zuba, na mayar. Ruwa ya zama kamar kunu. Yaya Ƙasimu ya leƙo: "Jiya kana dafa auduga, yau ka kwaso laka. Dakta, digirin nan na gaske ne kuwa, ko a Oshodi ka saya?"

Baba ya duba daga ƙofa. "Wannan kam ba a alwala da shi."

Ban taɓa jin son wanke abu kamar yau ba. Na zauna a kan hannuwana, a zahiri.

Litinin, 27 ga Oktoba, kwana 9

Ruwa ya kwanta. Gwaji rawaya har yanzu. Ina ci gaba da canza kashi ɗaya cikin uku, na rage abinci zuwa rabi. Daga yau ba sauran damar komawa ɗaya.

Laraba, 29 ga Oktoba, kwana 11

An ɗauke wuta tun tara na safe har uku da rabi. Na yi ta bugawa da famfon keke har kafaɗata ta mutu. Na fita neman aron wani famfon wurin Yakubu mai faci na bakin titi, ya ji abin da nake yi, ya yi dariya har ya saki guduma. Ya ce, "Malam, ka bar wahalar da kanka." Ya jawo tsohon tib na tayar roka, ya cika shi da iska, ya cire ƙwayar bakin, ya ɗaura siririn tiyo, ya matse da maƙalin shanya har iska tana fita kaɗan-kaɗan.

Na auna: tib ɗaya yana ba da kumfa sa'a biyu da minti arba'in. Na karɓi uku. Ɗakina ya koma kamar garejin motoci na Ketu.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, kwana 15

Alhaji Abdulwahid ya zo gaida Baba, aka kira ni. Ya ce ya ji ina fama, in faɗi sunan injin da ya fi kowane, shi zai fito mini da shi daga cikin jirgi ko yana ƙarƙashin siminti. Ya ce teburina yana nan, har an sa masa gilashi. Mutumin kirki ne, abin da ya sa ya fi wuya ke nan. Na durƙusa na yi godiya na ce wadda nake da ita ta isa. Baba yana jan carbi, bai ɗago ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, kwana 19

Gwaji ya koma ruwan ƙwai mai haske. Ba wadda ke hawa sama. Lamba 4 ta fi kowa ci.

Litinin, 10 ga Nuwamba, kwana 23

Fari. Na sake sau uku, na gwada da ruwan duro gefe da gefe. Fari!

Gansakuka ta fara fitowa a gilashin baya. Audugar ta zama ruwan ƙasa, abin ƙyama. Na bar su. Canjin ruwa ya koma sau biyu a mako.

Na gaya wa Inna nonona ya kama. Ta ce to madalla, in daina leƙe.

Laraba, 12 ga Nuwamba, kwana 25

Sabuwar matsala. Lamba 1 ya yi duhu, ya fara haƙa. Yana ɗibar tsakuwa da baki yana tofarwa gefe, har ya tono farantin, fili kamar faɗin murfin kwano. In farantin ya bayyana, ruwa zai bi ta nan duka ya bar ratsa sauran tsakuwar, matatar ta zama banza. Na rufe. Bayan sa'a ɗaya ya sake tonowa. Na rufe. Sau biyar yau.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, kwana 27

Na dawo daga masallaci na tarar da Baba zaune a bakin gadona, yana fuskantar gilashin. Ya ce batirin rediyo ya shigo nema. Babu batir a ɗakina, bai taɓa zama ba.

Da zai fita ya nuna Lamba 1 da haɓa. "Baƙin nan ba ya son jama'a."

Na ce e, matsalarsa tono, na shiga yi masa bayanin yadda ruwa ke bin hanya mafi sauƙi. Ya saurara har na gama, ya ce to, ya fita.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, kwana 29

Na samo maganin tonon: ragar sauro ta roba a tsakiyar tsakuwa, rabi a ƙasa rabi a sama. Ya haƙa ya tarar da raga, ya tsaya nan. Kumfa daidai a bututu biyu. Na ji daɗin kaina.

Lamba 2 yana yawan zama bayan akwatin kusurwa. Bai ci sosai ba. Gwaji fari, saboda haka ba komai.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, kwana 33

Lamba 2. Na same shi bayan sallar asuba, a kife, ya maƙale jikin bututu.

Gwaji fari. Zafi 27. Wuta ba ta tafi ba. Ban gane ba, ban gane ba.

Baba ya riga ya fita. Yaya Ƙasimu ya dawo ɗaukar wuƙaƙe ya same ni tsaye da shi a hannu. Yau bai yi tsiya ba. Ya rufe ƙofa ya ce, "Ji nan. Baba ba zai dawo ba sai azahar. Iju nan ce. Karfasa duk karfasa ce, wa zai ƙirga ɓawonta? Kwana bakwai ya rage maka, kada ka zubar da rayuwarka a kan abin da bai kai loma ba. Ni ban gani ba, ban ji ba."

Na ɗauki bokiti da koma. Na kai har mararrabar jirgi. Ana jiran jirgin kaya ya wuce, na tsaya ina kallon taragu, sai na tuna littafin awo. Layin yau, gurbin Lamba 2. Me zan rubuta a ciki? In na rubuta "lafiya", to duk sauran lambobin da ke littafin, da waɗanda zan rubuta a Kainji shekara talatin, wa zai gaya mini na gaskiya ne?

Ba jarumta ba ce. Tsoron littafi ne. Na juyo.

Na sa shi a faranti na rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Na goge takalmin da zan sa zuwa Apapa, don hannuna ya sami abin yi.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Jiya ban iya ƙarasawa ba.

Na kai masa farantin yana zaune a tabarma bayan azahar. Ya buɗe ƙyallen ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Guntu ne."

Na ce Lamba 2 ne.

"Guntu. Ƙayar bayansa ta uku a karye take tun ranar da na fara ganinsa." Ya ɗago ya dube ni. "Ƙasimu ya ce ka fita da bokiti." Na ce na fita. "Ka dawo da shi ba komai." Na ce e.

Ashe duk ya sa musu suna. Baƙi, Guntu, Hajiya, Mai-tabo, sauran biyun na manta don kunya. Da na kawo wata, da kallo ɗaya zai yi mata.

Ya zaro 'yar wuƙar da yake yanke farce, ya ɗaga marfin kumatun, inda yake numfashi. Ja wur. Ya ce waɗanda suka mutu da farko, nan ɗin ya yi duhu kamar hantar da ta kwana. (Ashe abin da ya fita da Lamba 7 ya yi ke nan.) Ya tsaga cikin, ya baje da bakin wuƙa, ya ce lafiya lau, har da kitse. Sannan ya juya shi ya nuna mini haƙarƙari, ɓawo ya zube wuri uku. Wutsiya a yage. Leɓe a fashe.

"Wannan ba ruwa ba ne. Duka ne. Bijimi biyu ka zuba a tarago ɗaya, ɗaya ya share wurin kwanciyarsa yana jiran mace, kai kana ta rufe masa. Mako guda yana tunkuyin wannan a gabanka."

Na sani. Abin haushin ke nan, na sani, yana cikin littafi: namiji ya yi duhu, ya haƙa gurbi, ya kori kowa. Na ga ramin, na ga faranti, ban ga kifin ba.

Na ce, "Baba, lissafin fa?"

Ya goge wuƙar a gefen tabarma. "Je ka raba su tukuna, kafin ya kashe Mai-tabo."

Na raba da ragowar ragar. Baƙi shi kaɗai a kashi ɗaya cikin uku, huɗu a sauran.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Kwana 35, ko kwana 2. Bai faɗa ba, ni kuma ba zan sake tambaya ba. Ko Apapa zan tafi, biyar ɗin nan ba za su mutu ba.

Talata, 25 ga Nuwamba

38, ko 5. Kafin in ɗauki kwalbar gwaji yanzu sai na zauna minti goma ina kallonsu kawai. Hajiya tana zuwa jikin ragar tana tsayawa. Mai-tabo ya fito daga ɓuya.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Ya shigo bayan la'asar. Ya ƙirga da yatsa, ko da yake ba ya bukata.

"Na ce ba wadda za ta mutu."

Na ce haka ne.

"Ta mutu."

Na ce haka ne, Baba. Idona yana kan takalmin Apapa a ƙarƙashin gado.

Ya ce ɗan rakiyar da ya fi amincewa da shi a duniya wani Babarbare ne, ya rasu yanzu. Ba wai shanu ba sa mutuwa a hannunsa ba ne. Amma in ta mutu a hanya, sai ya feɗe ya kawo fatar ya shimfiɗa a gabansa, ya faɗi tashar da ta faɗi da abin da ya kashe ta. Bai taɓa sayen wata a Ilori ya cike gurbi ba.

"Ni na sa sharaɗi, ni na ɗage. Rubuta musu. Allah ya yi maka albarka. In ka je can, ka riƙa ɗaga kai daga kwalba kana duban dabbar."

Na durƙusa. Abin da na ce ban tuna ba.

Na ce kafin in tafi zan mai da su rafi. Ya ce wa ya aike ni? "Bar su nan. Gobe ka nuna mini yadda ake ɗaura tayar nan."

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Na rubuta wasiƙar da safe, layi biyar, na sa a aljihu. Niyyata daga masallaci in wuce gidan waya.

Sai muka dawo tare. Na nuna masa tib da maƙali, ya ɗaura da kansa, karo na biyu ya yi daidai. Na nuna masa yadda ake ɗauraye audugar. Ya ce uwata ta riga ta yi masa wannan karatun. Daga nan ya shiga ba ni labarin zuwansa Agege a taragon shanu yana ɗan shekara sha tara, abin da ban taɓa ji ba, da yadda ya yi wata uku bai san kalmar ruwa da Yarabanci ba. Da na duba agogo, an rufe gidan waya. Ba komai. Litinin ma ta isa, kwana goma sha ɗaya ne, na lissafa.

Kafin magariba ya ce shi zai ba su abinci. Ya sa manyan yatsun nan nasa a gwangwanin dusa ya ɗebo ya barbaɗa, yana kiran Hajiya ta matso.

Abin da ya zuba ya fi ƙa'ida da kusan rabi. Na ƙyale shi.